Takardun Kawu Masu Gida-gida

Ban tarar da gawar Kawu ba. Ina Birnin Kebbi wajen makin takardun jarrabawa Yaya ya kira ni da hantsi, ya ce jikin Kawu ya tsananta, in taho. Ashe a lokacin har an yi masa wanka. Kafin mota ta cika, ta tsaya shan mai, ta sake tsayawa inda ruwa ya ci hanya, sai bayan la'asar na iso Bagudo, maza sun daɗe da dawowa daga maƙabarta. Takalma na fara gani a ƙofar gida, an zube su har bakin kwata. Nan na tsaya da jakata a hannu, na kasa shiga, sai da wata maƙwabciya ta kamo ni.

Mata sun cika tsakar gida har rumfar girki. Inna, mahaifiyata, wadda Kawu yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, tana jingine da bango tana jan carbi, idonta a bushe. Matar Kawu, da duk muke ce wa Gwaggo, ita ce mai kuka, kuma ita ce mai tambaya ko an kai wa baƙin Lafagu ruwa. Kowace mace ta shigo sai ta durƙusa ta ce ya haƙuri, ashe Malam lokaci ya yi, mutumin kirki ne. Wata tsohuwa ta ce yanzu wa zai karanta mata katin asibiti. Wata ta ce shekara talatin suna maƙwabtaka, faɗa ɗaya ya taɓa yi da ita, ranar da akuyarta ta cinye masa takardu.

Abin da ya faru a waje Yaya ne ya ba ni labari. Ran kwana biyu tsofaffin ɗalibansa suka taru a zaman makoki, wani ma'aikacin asibiti, wani hedimasta, wani mai shagon kayan babur, duk da furfura a gemu. Ana cikin addu'o'i ɗaya ya tuno wata tambaya da Kawu ya taɓa ba su a aji, ya faɗi amsarta, ɗaya ya ce ba haka ba ce. Kafin a ankara sun sauka daga tabarma suna zana ta da tsinke a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai da liman ya yi gyaran murya sau biyu. Yaya yana ba ni labarin yana dariya. Ni haushi ya kama ni, don na san su sarai, su ne dai masu kiransa Malam Sharaɗi a bayan idonsa, suna kwaikwayon tafiyarsa.

Na ji "mutumin kirki ne" har kunnena ya gaji. Gaskiya ce, amma ita ake faɗa wa kowa, kuma na san kafin arba'in shi ke nan abin da zai rage na Kawu a bakin mutane. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake a gajiye nake, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta. Akwai kuma dalili na biyu. Na yi wa Kawu laifi, na yi wata bakwai ina cewa gobe zan roƙe shi gafara, har goben ta ƙare.

Kawu malamin lissafi ne. Ya fara koyarwa a Lafagu yana saurayi, ya gama a sakandare a nan Bagudo, ya yi ritaya amma hannunsa bai yi ba. A cikin aljabara duka akwai ɓangaren da ya fi ƙauna, wanda ake ɗora lissafi a sama, a ja layi, a sa wani a ƙasa, da haruffa a ciki. Shi ya raɗa masa suna lissafi mai bene, kuma har yau duk wanda ya bi ta hannunsa haka yake kiransa. Aikin shi ne ka warware na sama, ka warware na ƙasa, ka soke abin da suka yi tarayya a kai, dogon abu ya dawo gajere. Yara suna tsoronsa, don nan ne hannu ke ƙaiƙayin soke abin da bai kamata a soke ba.

Damuwar Kawu ta rayuwa ita ce littafin makaranta tambaya shida kawai yake bayarwa a wannan babi. Yakan ɗaga littafin da yatsa biyu ya ce tambaya shida ko hannu ba su isa su ɗumama ba. A ganinsa yaro ba ya iya mai bene sai ya yi ɗari, ya faɗi a talatin, ya gane inda ya faɗi. Tunda ba inda zai samo ɗarin, sai ya koma ƙera su da kansa. Daga amsa yake farawa. Zai zaɓi ƙaramar amsa mai tsabta, ya ninka sama da ƙasa da abu ɗaya, ya buɗe su ya baje har amsar ta ɓace a ciki, sannan ya kwafe a takarda mai kyau. Amsar kuwa ba ya rubuta ta ko'ina. In ka matsa masa ya ce ai tana ciki, shi ya sa ta da hannunsa.

Ba ya rubutu a kowace takarda. Sai irin littafin 'yan makarantar ƙasar Benin, mai ƙananan layuka gida-gida, wai a cikinsa ne na sama ke zama daidai kan na ƙasa. Yakan ciro fallen tsakiya, ya rubuta da shuɗin biro, ya ja layin bene da ja. Bayan sallar walha yake zama, a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida, da katako a cinya da tabarau a kan hanci. Masu wucewa zuwa gona su gaishe shi, ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Gwaggo takan ce ta auri mutum ɗaya da rabi, rabin nan na takarda ne.

Yadda ya saba da takardun Benin labari ne da ya ba mu ya fi a ƙirga, kuma kullum a wuri ɗaya yake fashewa da dariya. Wata damina ya je wata kasuwar bakin iyaka sayen buhunan zuba hatsi, ruwa ya tsare shi a rumfa. Kusa da shi wani mutum siriri yana zaune kan benci yana makin littattafan yara da jan fensir, yana tsaki. Kawu ya leƙa. Rubutun Faransanci ne, bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya gane lissafin. Wani yaro ya rubuta x da biyu a tare a sama, biyu a ƙasa, ya soke biyun da biyun ya bar x tsirara. Kawu ya ce bai san lokacin da ya buga cinya ba.

"Ashe ɗiyan can ma haka su ka sokewa!"

Mutumin ya ɗago a fusace, sai Kawu ya karɓi fensir ya nuna masa wurin, ya nuna ƙirjinsa, alamar nawa ma haka suke. Ruwa ya ɗauke ba su sani ba. Mutumin Hausarsa ta kasuwa ce, Kawu kuma Dandancinsa, yaren mutanen can, na gaisuwa ne, amma suka cika fallaye huɗu. Tun daga ranar suka ƙulla. Kawu ya aika masa tambaya goma, ya warware ya dawo da su haɗe da nasa goma. Wani ɗan kabu-kabu mai zirga-zirgar iyaka ke kai wa yana kawowa, a cikin baƙar leda ɗaure a bayan babur. Ya fara yana da baƙin gemu, yanzu gemun ya yi fari. Ko lokacin da aka rufe iyaka ledar ba ta fasa tafiya ba. Ya ce sau ɗaya wani jami'i ya kwance ta a shinge, ya duba, ya mayar masa da sauri ya ce abin da ya kore shi daga aji ke nan. A duk shekarun nan tsofaffin biyu ba su haɗu ido da ido ya fi sau biyar ba. Mu dai Aminin Kawu muke ce masa.

Daga wajensa Kawu ya ɗauko sharaɗi. A makarantun can, kafin yaro ya taɓa tambaya sai ya fara rubuta abin da harafin ba zai taɓa zama ba, don kada na ƙasa ya koma sifili. In x ban da biyu ne a ƙasa, to x ba zai zama biyu ba, sai ka faɗa tun farko. Kawu ya ga wannan ya ce shekara goma yana koyar da rabin gaskiya. Daga nan duk wanda ya kawo amsa ba sharaɗi, ko ta yi daidai, sai ya mayar masa da littafinsa.

"Duba ƙasa kahin ki duba sama. Na ƙasa in ya zama sihili, bene duk ya rushe."

Na ji wannan magana tun ina aji ɗaya. Bayan rasuwar mahaifinmu gidan Kawu muka koma, ni da Inna da Yaya. Yaya ya tsere wa lissafi tun da wuri ya kama noman albasa, ni ce na maƙale. Kawu ba ya duka, ba ya kuma yabo. In ka yi daidai sai ya ce to, ya miƙo wata. Ranar da sakamakona ya fito na ci lissafi da kyau, na zo da gudu na nuna masa, ya duba ya ce to, ya shiga ɗaki. Na tsaya ina jin kamar in yi kuka. Sai ga shi ya fito da sabon littafi mai gida-gida, bai ciri ko falle ɗaya ba, ya ba ni. Gwaggo ta ce a saninta bai taɓa ba kowa cikakke ba.

Alherinsa ma irin wannan ne, ba ya da zaƙi a baki. Akwai wata bazawara a unguwarmu, mai 'ya'ya uku, da ke son shiga makarantar aikin jinya, lissafi ya kayar da ita sau biyu. Kunya ta hana ta zama cikin yara. Kawu ya ji, bai ce mata komai ba, sai ya riƙa ba Gwaggo falle ɗaya kullum ta kai mata in za ta ɗebo ruwa, ta karɓo na jiya. Shekara guda cur Gwaggo tana dakon aljabara a ƙarƙashin mayafi, ita da ko baƙi ba ta sani ba na boko. Da Kawu ya rasu, matar nan ta zo gaisuwa da fararen kayan aikinta, daga asibiti kai tsaye. Ta riƙe hannun Gwaggo kawai.

Da na zama malama a makarantar 'yan mata, sai Kawu ya samu inda zai kai kayansa. Kowace Juma'a in na je gaishe shi, tambayarsa ta farko bayan lafiyar maigidana da yara ita ce ina suke faɗuwa. In na ce wajen haɗa bene biyu masu ƙasa daban, mako mai zuwa zan tarar da ashirin a kan wannan kaɗai, kowace da ramin da ya haƙa daidai ƙafar ɗalibaina. Shekara goma sha ɗaya ina kwafe takardunsa a allo. Ban taɓa warware su a gida kafin in shiga aji ba, don ban taɓa samun kuskure a cikinsu ba. Ga aji mai mutum casa'in, ga girki, ga wanki, ga goyo. Abin da Kawu ya ɗauke mini na bar masa shi gaba ɗaya.

Bara idonsa ya fara tafiya. Mun lura yana kai takarda har bakin hanci, muka yi maganar asibiti, ya ce tabarau ne ya tsufa. Wata Talata mai duba makarantu ya zo, ya zauna a bayan ajina da fayil a cinya. Na ɗauko takardar Kawu na rubuta ta farko a allo, x² − 5x + 8 a sama, x − 2 a ƙasa, har ina cewa wannan mai sauƙi ce, ku kalla. Na nemi lambobi biyu da za su ba da takwas in an ninka, biyar in an tara. Babu. Na goge na sake. Babu. Alli ya jiƙe a hannuna. 'Yan gaba suka fara kallon juna, wata a baya ta yi dariya ta mayar da ita tari. Sai can na gane shida Kawu ya nufa, wajen kwafewa idonsa ya ba shi takwas. Na gyara, na ƙarasa, amma na ga baƙon ya yi rubutu a fayil ɗinsa. Daga baya a ofis ya ce mini, cikin ladabi, malama a riƙa shirya darasi.

Gaskiya ya faɗa. Laifina ne, ni ce ban duba ba. Amma a ranar ban ga haka ba, Kawu na ɗora wa. Na duba sauran fallayen na samu kuskure biyu, na ce a raina shi ke nan, tsufa ya zo. Ban gaya masa ba. Na ce wai kunyarsa nake ji, wai kada in karya masa zuciya. Yanzu da na zauna na auna, gajiya ce kawai da fushi. Faɗa masa yana nufin in riƙa zama ina duba kowace tambaya, ni kuwa na saba a ba ni a dafe.

Sai na koma waya. Bayan an tashi nakan tsaya a tudun bayan ofishin shugabar makaranta, inda sabis ke ɗan kamawa, ina neman tambayoyin gwaji. Shafuka rututu, wani ya ce sai ka yi rajista, wani na yara ƙanana ne, wani ya buɗe rabi ya tsaya. In na samu goma masu dama sai in kwafe a littafi. Ba su da laifi, amma ba su san ɗalibaina ba, kuma ba ruwansu da sharaɗi. Ni ma na daina nemansa a wajen yara, na ce ai a makin jarrabawa ba kullum ake ba shi maki ba. Juma'a kuma ban fasa zuwa ba. Kawu ya miƙo fallaye, in karɓa da hannu biyu in yi godiya, in zo gida in jefa a durowa. Ya tambaye ni ina suke faɗuwa, in ƙirƙiro masa wani abu.

Maƙwabciyata tana suyar kifi a bakin tasha. Wata rana ta leƙo ta ce ko ina da tsofaffin takardu na naɗi. Ina tsakiyar wanke-wanke, na ce ta buɗe durowar nan ta ɗiba. Zan so in ce na manta abin da ke ciki. Ban manta ba.

Kawu mutum ne mai son soyayyen kifi da yaji, kuma ba ya aike, da kansa yake zuwa. Kwana uku bayan haka, da la'asar, na ji sallamarsa a ƙofar gidana, shi da ba ya zuwa sai da dalili. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa. Ya tambayi maigida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya yi maganar tsadar taki. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro takarda ya shimfiɗa a tabarma, ya bi ta da tafin hannu yana gyara ta. Mai gida-gida ce, mai ya ratsa ta har ana ganin saƙar tabarma ta cikinta, ga jan yaji a gefe. Shuɗin rubutunsa yana nan ɓaro-ɓaro.

"Ta ukku da kuskure," ya ce. "Tarawa nir rubuta inda ɗebewa ta kamata. Kin kyauta da ba ki ba ɗiyan mutane ba."

Na sunkuyar da kai. Ya jira kaɗan, ya ga ba abin da zai fito, sai ya miƙe yana dafa bango ya ce kifin dai ya yi daɗi, a gaida mai suyar. Ya bar takardar a nan.

Daga ranar bai sake ba ni falle ba, bai kuma sake tambayata ina suke faɗuwa ba. Gaisuwa ba ta canja ba, har ya fi da sakin fuska, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na ɗauka ya yi fushi irin nasa na shiru, ya cire ni daga lissafinsa. Kowace Juma'a nakan fito gida da maganar a bakina. In na isa sai in tarar da baƙi, ko Gwaggo na zaune, ko shi ya gyangyaɗa, ko ni ce dai kawai na kasa. Ina ganinsa a ƙarƙashin dalbejiya yana rubutu, yanzu da manyan haruffa, fuskarsa kusan a kan katako, in ce a raina na Amininsa ne. Ranar da zan tafi maki na biya na yi masa sallama a tsaye, mota na jira. Ya ce Allah ya tsare. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi.

Ran sadakar bakwai, da rana, mutane sun fara raguwa, aka ce wani yana sallama da ɗiyar Malam mai koyarwa. Na yafa mayafi na fita zaure, Gwaggo ta biyo ni. Ɗan kabu-kabun nan ne, wandonsa duk taɓo, idonsa ja. Ya ce ruwa ya yanke hanyarsu kwana da kwanaki, sai yau ya samu fitowa, a tasha ya ji labari. Ya yi mana gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ajiye baƙar leda a gabana. Ta fi ta kullum kauri nesa ba kusa ba.

Na kwance. Fallaye ne masu gida-gida, an ɗinke su da zare a gefe, rubutun Kawu na ƙarshe-ƙarshen nan, manya, wasu sun haura layi. Tambaya ɗari da ashirin, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Kusa da kowace akwai ƙaramar alamar jan fensir. A wurare goma sha huɗu jan fensirin ya kewaye lamba ko alama ya rubuta daidai a samanta. Na ce masa ai wannan ba goma-goman da suka saba ba ne. Ya ce e, wata bakwai ke nan Malam na ba shi kaɗan-kaɗan, ya ce a tara a can sai sun cika, a kawo kafin a koma makaranta.

"Yac ce in hwaɗa ma abokinai ido ya tahi, shi duba mai su ɗaya-ɗaya kahin shi ba ɗiyatai. Yac ce ya ba ta kunya sau guda gaban mai duba makarantu, ba shi son shi ƙara."

Ban san ya ji labarin ranar Talatar nan ba. Amma garin nawa yake, ɗalibai casa'in kowace da bakinta. Wato duk watannin da nake zaton yana fushi da ni, shi a wajensa shi ne mai laifi, yana can yana gyara. Kukan da ban yi ba ranar da na iso, a zauren nan na yi shi, gaban baƙo, ban ji kunya ba. Gwaggo ta bar ni sai da na lafa, sannan ta dafa kafaɗata.

"To ki yahe mai mana. Shi abin da yat tahi da shi a rai ke nan."

Na ce Gwaggo ni ce fa ya kamata in roƙa. Ta ce ta sani, ita ta wanke rigar da man kifin ya ɓata wa aljihu, amma wanda zan roƙa ba ya nan, wanda zan yafe wa kuwa ko yana kabari yafiya tana isa gare shi. Na faɗa a fili, na ce na yafe, Kawu. Ban taɓa furta maganar da ta yi mini nauyi kamarta ba, don ba abin da ya yi mini.

A ƙarƙashin ɗinkakkun fallayen akwai wani falle shi kaɗai, da rubutu siriri mai kwanciya. Goman Aminin Kawu ne na wannan karo, suna jiran amsa kamar kullum. Ɗan kabu-kabun ya ce tsohon bai sani ba tukuna, kuma shi bai san yadda zai gaya masa ba. Na ce ya gaya masa yadda ake gaya wa ɗan'uwa, ya ce iyalin gidan suna yi masa ta'aziyya, don shi ma an yi masa rashi. Na ce kuma ran kasuwa mai zuwa ya biyo ta gidana.

Na zauna da goman nan bayan an watse. Na ciro fallen tsakiya daga littafin da Kawu ya ba ni tun ina budurwa, wanda ban taɓa rubuta komai a ciki ba. A kan kowace na fara da sharaɗi. Tara suka fita lafiya. Ta goma ta ƙi. Na bi ta sau uku, na bar ta na yi girki na dawo, ta ƙi. Sai na gwada ta yadda Kawu ke ƙera tasa, daga baya zuwa gaba, na ga in uku ɗin da ke ƙasa takwas ne, komai na zama daram. Ashe shi ma can idonsa ya fara tafiya, mutumin da ya duba wa Kawu ɗari da ashirin.

Na daɗe ina kallon fallen. Durowar tana nan kusa da ni, kuma na san yadda ake yi, ai na taɓa yi. Ana iya aika tara a yi shiru, ko a aika goma a yi kamar ba a ga komai ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka masa kabarinsa fiye da yadda idonsa ya yi duhu a ƙarshe, ya sa abin da ya koyar ya riƙa bin sa da lada. Ya ba Gwaggo da Inna haƙuri, ya ba tsohon da ke ƙetare haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ya sa ba mu bar magana a baki ba.

Ran kasuwa ɗan kabu-kabun ya zo. Na ba shi ledar, da amsa goma da sababbin tambayoyi goma da na ƙera, ba su kai na Kawu ba. Ya ɗaure a bayan babur, ya tambaya ko akwai saƙon baki. Na ce akwai. Na ce ya gaya wa Aminin Kawu ɗiyar abokinsa tana gaishe shi, ta goma akwai kuskure, na kewaye na gyara, ya ci gaba da aikowa ni zan riƙa dubawa. Ya maimaita don kada ya manta, ya tayar da babur ya tafi. Maganar ba ta ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma ita ce wadda na yi wata bakwai ban gaya wa Kawu ba.